ALAMUN BAZARA A LAMBU: DARASI DOMIN LOKACIN AZUMI DA ISTA

Nassosin da za a karanta kafin darasi: Irmiya 1:11-12, Irmiya 8:4-7, Luka 21:29-33.



Kowace shekara lokacin Azumi yakan same mu a cikin bazara. Sanyin hunturu ya wuce, rana tana dukan ƙasa tun da hantsi, ruwan rijiyoyi ya yi nisa, hatsin rumbu ya fara ja da baya, dabbobi kuma sun rame don rashin ciyawa. Wanda ya dubi daji a watan Maris zai ce rai ya ƙare a cikinsa. Amma wanda ya saba zagaya lambu da sassafe ya sani cewa a cikin waɗannan makonni masu wuya ne itatuwa suke fid da fure da sabon toho, tsuntsayen da suka yi ƙaura kuma suke kama hanyar dawowa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauko ba tukuna. Littafi Mai Tsarki ya ɗauki irin waɗannan alamu ya koyar da mu da su. A darasin wannan wata za mu duba yadda annabi Irmiya da Ubangijinmu Yesu suka yi amfani da su, sa'an nan mu auna kanmu, mu ga ko muna amsa kiran Allah a kan kari kamar yadda itace da tsuntsu suke amsawa.

1. Lokatan shekara a wurinmu da a Ƙasa Mai Tsarki

Kafin mu shiga nassi ya kamata mu kawar da wani ruɗani. A ƙasarmu shekara takan bi ta damina, kaka, rani tare da hunturunsa, sa'an nan bazara, wato zafin da yake gabatar damina. A ƙasar Falasɗinu kuwa, inda yawancin labarin Littafi Mai Tsarki ya faru, ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Ruwan fari na Oktoba da Nuwamba shi yake tausasa ƙasa a shuka alkama da sha'ir, ruwan ƙarshe na Maris da Afrilu kuma shi yake cika tsaba. Daga Mayu zuwa Satumba ba a sa zuciya ga ruwa. Shi ya sa manominmu zai yi mamaki idan ya karanta Waƙar Waƙoƙi (2:11-13), inda ango yake kiran amaryarsa ta fito gama ruwa ya ɗauke, lokacin fure da kukan kurciya ya yi. A wurinmu ɗaukewar ruwa ita ce farkon bushewa. A can, Maris da Afrilu su ne watannin da tuddai suke yin kore shar, hatsi kuma yana gab da nuna.

A cikin wannan lokaci ne Yahudawa suke yin Idin Ƙetarewa, ran sha huɗu ga watan da aka fara kira Abib, daga baya aka kira shi Nisan. Ma'anar Abib ita ce zangarniyar sha'ir da ta kusa nuna. A lokacin wannan idi ne Ubangijinmu ya mutu ya kuma tashi. Tun daga Majalisar Nisiya ta shekarar 325 Ikkilisiya ta nemi a riƙa yin Ista rana ɗaya a ko'ina, ƙa'idar da aka daidaita a kanta kuwa ita ce Lahadin farko bayan cikar farin wata da ya zo ran 21 ga Maris ko bayansa. Ta haka Ista takan faɗa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Kirista a Turai yana yin Ista yana kallon furanni ta taga. Mu kuwa muna yin ta muna share gumi, muna duban gabas ko hadari zai taso. Kada mu ɗauki wannan hasara ce. Manzo Bulus ya koya wa Romawa (8:24-25) cewa abin da ido ya riga ya gani ba a sa begensa, abin da ba a gani ba tukuna shi ake jira da haƙuri. Bazararmu makarantar wannan bege ce.

2. Itacen da yake farkawa da wuri

Irmiya ɗan gidan firistoci ne daga Anatot, wani ƙauye kusa da Urushalima ta wajen arewa maso gabas. Allah ya kira shi yana saurayi, a shekara ta goma sha uku ta sarautar Yosiya, wato wajen shekara ta 627 kafin haihuwar Kristi. Abin da aka fara nuna masa cikin wahayi shi ne reshen itacen almon, irin wanda ya saba gani a garinsu tun yana yaro. Almon itace ne mai 'ya'yan da ake fasawa a ci ƙwayar ciki, shi ne kuma yake riga sauran itatuwan ƙasar yin fure. Tun ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, ana tsakiyar sanyi, rassansa ba ganye ko ɗaya, sai ya lulluɓe da fararen furanni masu ɗan ja-ja. Saboda haka Ibraniyawa suka sa masa suna shaƙed, wato mai farkawa. Da Irmiya ya ambaci sunan itacen, sai Allah ya amsa masa da wata kalma mai kusan sauti ɗaya, shoƙed, yana nuna masa cewa shi ma a farke yake, yana tsaron maganarsa har ta cika. Shekara arba'in bayan haka, a 587, Babilawa suka rushe Urushalima. Kafin duhun nan ya sauko, Allah ya riga ya ba annabinsa alama cewa bai yi barci ba.

Mu ba mu da almon, amma Allah bai bar mu ba tare da masu farkawa da wuri ba. Mangwaro yakan yi fure tun cikin ƙurar hunturu, kafin Ista yara sun fara jifan 'ya'yansa. Ɗorawa takan rataya jajayen furanninta masu kama da tuntun hula a cikin Fabrairu da Maris. Marga takan zubo da ruwan ɗorawan furanni tsefe-tsefe alhali ƙasar da take tsaye a kai ta tsattsage. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, takan cika harabar majami'a da ƙanshin ƙananan fararen furanninta da maraice. Tsamiya takan sauya ganye, kuka da ta yi watanni tsirara takan fid da toho gab da faɗuwar ruwa. Akwai kuma itacen nan mai faɗin inuwa da aka shuka a makarantu da gidajen Fada da yawa, wanda asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. A Afrilu da Mayu yakan yi ja wur kamar an cinna masa wuta.

Ina suke samun ƙarfin yin haka cikin fari? Masana tsirrai sun bayyana cewa waɗansu saiwoyinsu sun yi zurfi har sun kai ga laimar da take ƙarƙashin ƙasa, waɗansu kuma, kamar kuka, sun tara ruwa da abinci a jikinsu tun daminar bara. Ƙaruwar zafi da sauyin iska su suke tashe su. Akwai hikima kuma a ciki: itacen da ya yi fure a bazara 'ya'yansa za su nuna su faɗi daidai lokacin da ƙasa ta jiƙe, irinsa ya sami damina cikakkiya ya kafu. Da ya jira ya ga ruwa kafin ya fara, da ya makara.

Irmiya da kansa ya kwatanta mai dogara ga Allah da itacen da ya miƙa saiwoyinsa zuwa rafi, wanda zafi ba ya tsorata shi, shekarar fari kuma ba ta hana shi 'ya'ya (17:7-8). Addu'ar safe da ta dare, Misa ta kowace Lahadi, karatun Maganar Allah a gida, su ne saiwoyin Kirista. Ba wanda yake ganinsu. Ranar da ciwo ko rashi ko tsanani ya zo, a ranar ake sanin zurfinsu.

3. Shamuwa ta san lokacinta

A sura ta takwas annabi ya kai ƙarar jama'arsa. Ya ce wanda ya faɗi yakan tashi, wanda ya ɓace hanya yakan juyo, amma mutanen Urushalima sun ƙi juyowa, kowa ya sa kai gaba kamar dokin da ya zabura cikin yaƙi. Sai ya nuna musu sararin sama: shamuwa da kurciya da tsattsewa da gauraka suna kiyaye lokacin zuwansu, jama'ar Allah kuwa ba su san abin da Ubangijinsu ya umarta ba. A Ibraniyanci kalmar shub tana nufin komowa, ita ce kuma kalmar tuba. Ko tamu kalmar ta tuba, wadda muka aro daga Larabci, asalin ma'anarta ke nan: komowa. Tsuntsu yana komowa gida a kan kari, mutum kuwa yana jan ƙafa.

Irmiya ya ga abin da yake faɗa da idonsa. Ƙasarsa gada ce tsakanin Afirka da Asiya da Turai. Farar shamuwa ta Turai, wadda ta fi tamu girma, tana tafiya ne bisa iska mai ɗumi da take tasowa daga ƙasa, irin wannan iska kuwa ba ta tasowa a kan teku. Don haka ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum. Takan bi ta mashigin Jibralta a yamma, ko ta Turkiyya da kwarin Urdun a gabas. Har wa yau dubban ɗaruruwansu suna ratsa Ƙasa Mai Tsarki a Maris da Afrilu suna komawa arewa. Sunanta a Ibraniyanci hasida, daga kalmar hesed, wato ƙauna mai aminci, gama an ga yadda take kula da 'ya'yanta.

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke zuwa da sanyi ba. Har waɗansu masana na dā sun zaci tsattsewa tana shiga cikin laka ta kwanta. A shekarar 1822, kusa da garin Kuluts a arewacin Jamus, aka harbe wata shamuwa aka tarar da mashi irin na tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi dukan tafiyar. Tana ajiye a Jami'ar Rostok har yanzu. Yau mun sani cewa waɗansu tsuntsayen da suke yi wa Turawa albishir da wucewar sanyi a wurinmu suke cin rani. Fadamun Haɗeja da Nguru suna karɓar dubbansu kowace shekara, tsattsewa kuma, wadda nauyinta bai wuce giram ashirin ba, takan taru tuli a Boje ta Jihar Kuros Riba kafin ta ƙetare hamadar Sahara.

Shamuwarmu dabam take. Ƙarama ce, baƙa, mai farin ciki. Ba ta barin Afirka. Idan kaka ta yi takan ƙetare tsakiyar duniya zuwa Tanzaniya, Zambiya, Zimbabwe har Afirka ta Kudu, inda damina take faɗuwa daga Nuwamba zuwa Maris. A Afrilu da Mayu sai ta dawo mana, ta gyara sheƙarta a kan tsamiya ko kuka ko rimi a tsakiyar gari, ta yi ƙwai, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsotsin da da sun ci amfanin gona. Shi ya sa iyayenmu suke tsawata wa yaron da ya ɗaga mata danƙo. Abin lura shi ne, sau da yawa takan iso ƙasa tana ƙuna, sama ba gajimare, ta fara ɗibar kirare. Manomin da ya gan ta ba ya gardama da ita. Yakan ɗauki gatari da fartanya ya tafi sharar gona, ya kai taki, ya fito da iri.

A wata majami'ar ƙauye da na yi hidima, akwai wani dattijo da ba wanda ya kai shi sanin yanayi. Shi yake fara gaya wa katikis cewa shamuwa ta iso, gonarsa kuma ita ake fara sharewa. Amma shekara da shekaru ba ya magana da ƙanensa saboda iyakar gona, saboda haka kuma ya daina zuwa Sakramentin Tuba, ya daina karɓar Tarayya Mai Tsarki. Duk Azumi idan na tuna masa, sai ya ce, "Fada, bari a yi shuka tukuna." Bayan shuka ya ce a bari a yi noma, bayan noma a bari a yi girbi. A wata bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku ya rasu. Hanyar ƙauyen ba ta da kyau, na isa bayan ya cika. Ƙanen nasa shi ya haƙa kabarin, yana kuka. Hukuncinsa yana hannun Allah mai jinƙai, muna kuma yi masa addu'a. Amma tun ran nan ban ƙara karanta Irmiya 8:7 ban tuna da shi ba.

4. Itacen ɓaure da alamun zamani

Ubangijinmu Yesu ya bi sawun annabi. Ya ce wa almajiransa su dubi itacen ɓaure da sauran itatuwa: da zarar sun fara toho, ba a bukatar wani ya faɗa, kowa ya san lokaci ya juya, haka kuma za su gane kusantowar Mulkin Allah (Luka 21:29-31). A wani wuri ya tsawata wa taro, gama suna ganin gajimare ya taso daga yamma su san ruwa na zuwa, suna jin iskar kudu su san za a yi zafi, amma sun kāsa gane lokacin da suke ciki (Luka 12:54-56). A ƙasarsu ruwa daga yamma yake zuwa, daga Bahar Rum, iskar kudu kuwa daga hamada. A wurinmu iskar da take kawo laima daga kudu maso yamma take busowa, daga Tekun Atlantika, hadarin kuwa daga gabas yake haɗuwa. Mun san waɗannan duka. Mun san sa'ad da iska ta juya, dare ya yi gumi, jan gwada ya ƙara ja. Mun san ruwa yakan riga sauka a Jos da Kafanchan cikin Afrilu, ya hau zuwa Kaduna da Zariya, ya kai Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Tsawatawar Yesu ta shafe mu, gama mu ma gwanaye ne wajen karanta sama.

Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta 1965 a kan Ikkilisiya a cikin duniyar yau, ta ce aikin Ikkilisiya ne ta riƙa bincika alamun zamani ta fassara su da hasken Bishara. Idan samari suna barin ƙauye, idan rigimar gona da kiwo tana ƙaruwa, idan itatuwan da shamuwa take sheƙa a kai suna ƙarewa a bakin gatari da buhun gawayi, Allah yana tambayar jama'arsa wani abu ta wurin waɗannan.

Amma a yi hattara. Karanta alama dabam, camfi dabam. Shamuwa ba ita take kawo ruwa ba. Ita da ruwan suna bin tsari ɗaya da Mahalicci ya kafa, wanda kowa zai iya lura da shi shekara bayan shekara. Wanda ya ce kukan mujiya a kan ɗaki yana kawo mutuwa, ko ya fasa tafiya don wani tsuntsu ya gilma masa, ya ba halitta ikon da yake na Allah kaɗai. Katikisma ta Ikkilisiyar Katolika ta lissafta camfi da duba cikin laifofin da suke karya doka ta fari. Alamar gaskiya tana kai mutum ga aiki da godiya, camfi kuwa yana kai shi ga tsoro da gidan boka.

5. Ruwan fari da furen da ba ya ɗorewa

Akwai wani darasi da bazara take koyarwa da zafi. Wani lokaci ruwa yakan sauko sau ɗaya da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙanshi, shinge ya tashi, kwaɗi su yi kuka, kowa ya ruga gona da iri. Sa'an nan sama ta rufe mako biyu ko uku. Gero ya tsiro ya ƙone, sai an sake shuka, wanda kuma ya zuba dukan irinsa ya shiga neman rance. Shi ya sa tsofaffi sukan tona ƙasa da hannu su ga zurfin laima kafin su shuka, sukan kuma gargaɗi mutum kada ya zubar da ruwan tulunsa don ya ga hadari.

Yesu ya san irin wannan shuka. A misalin mai shuka ya ambaci irin da ya faɗa inda ƙasa ba zurfi, ya tsiro da sauri, rana ta fito ya yanƙwane (Markus 4:5-6). Kowace shekara a daren Ista muna yi wa manya baftisma da murna da guɗa. Sai mu tambayi kanmu da gaskiya: nawa ne daga cikin waɗanda aka yi wa baftisma shekara uku da suka wuce suke zuwa Misa har yanzu? Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Uban baftisma ko uwar baftisma da ba ta ƙara leƙa ɗanta ba bayan biki, kamar manomi ne da ya yi shuka bai koma noma ba.

Ku dubi kariya kuma, wadda ake dasawa don ado. Da rani takan yi fure ja mai ɗaukar ido a kan rassa marasa ganye, amma ba a cin komai daga gare ta, ruwan jikinta ma dafi ne. Azumin da ya tsaya ga toka a goshi da ƙin cin nama ran Juma'a, alhali mai shi yana riƙe da hakkin ma'aikacinsa ko yana gāba da maƙwabci, furen kariya ne.

Gawo kuwa yana ta'azantar da waɗansu. Shi kaɗai yake zubar da ganye da damina sa'ad da kowa yake kore, ya yi ganye da rani sa'ad da kowa ya bushe. Ganyen da ya zubar yana zama taki, gero yakan fi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi suna samun inuwa da abinci a wurinsa. Wanda Ista ta same shi cikin makoki ko jinya, bai ji murnar da ake yi ba, kada ya zaci Allah ya tsallake shi. Allah ya san lokacin kowane itace.

6. Lambun Ista

Labarin cetonmu ya ratsa ta lambu uku. A gonar Aidan aka sa mutum ya noma ta ya kiyaye ta, a can kuma ya faɗi. A lambun Gatsemani Yesu ya miƙa kansa ga nufin Uba, almajiran da ya ce su zauna a farke kuwa barci ya kwashe su. Yohanna kuma ya gaya mana cewa a wurin da aka gicciye shi akwai lambu, a cikinsa aka binne shi (19:41), da asubar Lahadi ma Maryamu Magadaliya ta zaci shi mai lambun ne (20:15). Tun kafin mutuwarsa ya kwatanta kansa da ƙwayar alkama da dole ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya masu yawa (12:24). Manomanmu na arewa sun san binne, wato shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba. Asabar Mai Tsarki ranar binne ce.

A kwanakin Idin Ƙetarewa akan kawo damin fari na sha'ir a miƙa shi ga Allah kafin kowa ya ci sabon hatsi (Littafin Firistoci 23:10-14). Da wannan Bulus ya kira Kristi nunan fari na waɗanda suka yi barci (1 Korintiyawa 15:20). Damin fari ba shi ne dukan girbi ba, amma yana tabbatar da cewa girbi yana tafe. Tashin Kristi ita ce babbar alamar da aka ba mu tun muna cikin zafi, cewa mu da matattunmu za mu tashi.

7. Abin da ya kamace mu

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A gare mu wannan karin magana ya yi daidai ƙwarai: yadda muka kama Larabar Toka, haka Juma'a Mai Tsarki za ta same mu.

Na fari, Ikkilisiya ta umarci kowane Katolika da ya kai hankali ya furta manyan zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Tarayya Mai Tsarki aƙalla sau ɗaya a lokacin Ista. Wannan doka ta samo tushe tun daga Majalisar Lateran ta Huɗu a shekarar 1215, tana kuma cikin kundin dokokin Ikkilisiya na 1983. Kada a jira Mako Mai Tsarki, sa'ad da layi yakan yi tsawo, Fada kuma ɗaya ne ga ƙauyuka masu yawa.

Na biyu, wanda yake da gāba da ɗan'uwansa ya je wurinsa kafin a fara shuka. Idan ya kāsa zuwa shi kaɗai, ya nemi katikis ko dattawan majami'a su raka shi.

Na uku, bazara lokacin yunwa ce da ciwon sanƙarau, kamar yadda aka gani a babbar annobar 1996. Abin da muka rage daga bakinmu da azumi, a kai wa gwauruwa da maraya. Zumuntar Mata da matasa su bincika wane ne ba shi da irin shuka bana.

Na huɗu, tun ƙarni na biyar, daga zamanin Bishop Mamertus na Biyen a ƙasar Faransa, Kiristoci suna keɓe kwana uku kafin Idin Hawan Yesu Sama don roƙon Allah ya kiyaye su ya albarkaci gonaki. Idin yakan zo kwana arba'in bayan Ista, wato daidai lokacin shukarmu. A kawo iri da fartanya majami'a a sa musu albarka.

Na biyar, Paparoma Faransis, a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da duniya gidanmu duka, ya tuna mana cewa lalata halitta zunubi ne. A bar wa shamuwa itacen sheƙarta. Idan ruwa ya zauna, kowane gida ya dasa itace ɗaya ya kuma killace shi daga awaki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne alamu ne ake gane kusantowar damina da su a garinku? Wanne ne a cikinsu alama ta gaskiya, wanne ne camfi?
2. Me ya sa Irmiya ya kwatanta jama'arsa da tsuntsaye? Mece ce dangantakar komowa da tuba?
3. Wane abu ne ka san Allah yana nema daga gare ka, kana ta cewa sai bayan shuka?
4. Me majami'arku take yi wa waɗanda aka yi wa baftisma a Istar bara?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka koya wa shamuwa hanyarta, ka kuma sa itace ya yi fure cikin fari. Ka tashe mu daga barci, ka ba mu zuciyar da take komowa gare ka tun da sauran lokaci. Ka aiko mana da ruwa a kan kari, ka albarkaci irinmu da gonakinmu, ka kai mu ga murnar tashin Ɗanka. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.